Kwalbar Daddawar da Kika Bari a Bayan Takalma

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga autata Zuwaira, a gidan aurenta da ke Vénissieux, gefen Lyon.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Imran. Yaya baƙunta, yaya gajiyar biki, yaya sanyin Lyon? Allah ya sa kin shiga ɗakinki da ƙafar dama, ya tsare ki fita da shiga, ya sanya albarka a zamanku. Babanki yana gaishe ki. Ya ce in yi miki a hankali, na ce masa ya je ya ji da kayan da zai aika Maradi, ya bar ni da ƴata.

Saƙon muryarki ya iso, na saurare shi sau uku. Kin ce uwar mijinki za ta taso daga Indiya nan da sati uku, in rubuto miki duk abin da ya kamata ki tara a kicin don girkinsu, tunda na daɗe da maƙwabciya Ba'indiya. Za ki samu. Amma sai kin fara jin abin da ke raina, shi ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don a waya za ki ce mini kina cikin jirgin metro, layi ba kyau.

Jiya ina share ɗakinki, na ja akwatin takalma, sai ga kwalbar daddawar da na sa miki cikin gara. Kin cire ta daga kwalin da hannunki. Kin naɗe ta, ita da shuɗin ƙyallen da na ɗaure mata baki da shi, cikin ledar shara har guda uku, kika tura bayan takalma kamar mushen ɓera. Shinkafa kin tafi da ita, man shanu kin tafi da shi, taliya da sukari da mai duk sun hau mota. Daddawa kaɗai kika ga ba ta isa ta bi ki Lyon ba. Da na tambayi yayarki Hadiza, ta ce kin ce mata, "Ça sent trop fort, warinta ya yi yawa, kar Imran ya ɗauka wani abu ne ya ruɓe a gidan." Zuwaira, ni kika yi wa haka? Raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai huce ba.

Ba zan yi miki wa'azin wadda ba ta taɓa kuskure ba. Kurakuraina zan zayyano miki ɗaya bayan ɗaya, kayan kicin ɗin da kike nema suna cikinsu, sai ki tsince.

Kin san Madam Kamala, wadda a da ƙofarta ke kallon tamu a hawa na huɗu, wadda ta goya ki ranar da na kai Hadiza asibiti. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda muka fara. Shekarata ta farko a Paris, ina amarya fil daga Damagaram, Babbar Sallah ta zo, babanki ya samo rago da wani kaso na saniya da suka yi watanda. Na soya nama, na zuba a kwanon da ya fi kowane kyau, na ƙwanƙwasa mata ƙofa, don a garinmu ba a cin naman layya a bar maƙwabci yana jin ƙamshi. Ta buɗe murfin, ta ja da baya har ta bugi bango. Matar da ba ta taɓa sa nama a bakinta ba tun da aka haife ta, ni kuma na kai mata saniya har gida! Na dawo ina huci, na ce wa babanki matar nan ta raina mu, tana ƙyamar baƙar fata. Sati biyu ba na amsa gaisuwarta. Ita ce ta zo da kanta da faranti na shinkafa da miyar wake, ta yi mini bayani da Faransancinta mai karkata, na amsa da nawa da ya fi nata karkata.

Ni da nake ganin na san Indiya kamar tafin hannuna, saboda fina-finan da muka kalla muna ƴammata. Na san yadda suke rawa a cikin ruwan sama, ban san abin da ke cikin tukunyarsu ba. To ke ma kar auren mutum ɗaya ya sa ki ɗauka kin san ƙasar. Kafin ki sayi ko cokali ɗaya na wani abu, ki sa Imran ya kira miki uwarsa ki tambaye ta da bakinki. Su Musulmi ne, nama ba matsala, amma abincin kudu daban, na arewa daban, kamar yadda tuwon Bazabarme ba na Bahaushe ba ne. Kamala ƴar kudu ce, abin da na koya nata ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu uwar mijin da ke ƙin surukar da ta ce mata koya mini.

Kuskurena na biyu kori ne. Na so in rama mata alheri, na ce zan yi mata girkin ƙasarsu. Na dafa dankali da karas, na juye masa rabin gwangwanin kori irin wanda muke barbaɗawa a dafa-duka, har ya yi rawaya shar. Na kai mata ina taƙama. Ta ci loma ɗaya, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar saboda kunya, ta ce, "Hajiya, wannan mene ne sunansa?" Na ce abincinku ne mana. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ja hannuna zuwa kicin ɗinta, ta buɗe wani kwanon ƙarfe mai ƙananan kwanoni bakwai a ciki, kowane da ƙwayarsa. Ta ce a gidan uwarta babu wani gari guda da ake kira kori, kowace miya da haɗinta. Na ji kunya, kuma na ji haushin duk wanda ya fara cusa mana gwangwanin nan ya ce Indiya ce a ciki.

Saboda haka in kin je cefane unguwar La Guillotière, ki wuce gwangwanin kori ko kallonsa kar ki yi. Ki sayi ƙwaya, ba gari ba. Jira, wanda Faransawa ke ce wa cumin, shi ne uban tafiya, kusan komai da shi ake farawa a cikin mai mai zafi. Sai ƙwayar koriyanda, sai baƙar ƙwayar mutad ƴan mitsi-mitsi masu tsalle a kasko, ki rufe da murfi in ba so kike su sami idonki ba. Kurkum kam gari za ki saya, kuma ki sani duk farar rigar da ya taɓa ta zama tasa. Busasshen barkono, kanumfari, kirfa, masoro da kardamom mai koren ɓawo. Hulba kaɗan, wadda kika sani muna sha da kunu, su a miya suke sa ta, amma in ta wuce ƴan ƙwayoyi miyar ta zama maɗaci. Citta da tafarnuwa ɗanyu, ki daka su tare da kanki. Na sa miki ƙaramin turmi cikin kaya, ko shi ma kin tura shi bayan wani abu?

Ki duba jerin nan da kyau ki gaya mini nawa ne baƙi a gare ki. Kanumfari, citta, masoro, tafarnuwa, barkono, duk a yajin da na yi ta ba ki kina yarinya suke. Tsamiyar da suke sa wa miya ita ce ta kununmu. Man da suke ji da shi, suna kiransa gi, man shanu ne soyayye, irin wanda kakarki ke soyawa da albasa. Har zogale suna ci, sai dai su ƴaƴan suka fi so, mu ganye. Mutanen da kike neman ki ɓoye musu kanki, rabin kicin ɗinsu na gidan ubanki ne.

Na uku, haɗama irin ta wadda ta taso a gidan da ake auna hatsi da tiya. Da na gane shagunan Indiyawa na wajen La Chapelle, sai na shiga da keken cefane kamar mai shirin fari. A ganina mace ba ta cika mace ba sai rumbunta ya cika. Na sayo garin jira leda babba, garin koriyanda leda babba, wakensu da suke kira dal kala huɗu, na jera su a kantar da ke saman murhu don duk wadda ta shigo ta gani. Kafin wata shida, garin ya zama ƙasa, ba ƙamshi ba ɗanɗano, tururin tukunya ya dunƙule shi. Dal kuwa ƙwari suka yi gida a ciki, ina buɗe leda wasu ƴan fara-fara suka tashi suka cika mini kicin. Babanki ya shigo ya ce, "Hajiya, kiwo kika fara ba ki gaya mini ba?" Kwana biyu ban yi masa magana ba. Duk na kwashe na zubar, ina zubarwa ina istigfari, don almubazzaranci ne tsagwaronsa.

Ke ki sayi kaɗan, abin da za ki cinye a wata biyu ko uku. Ki zuba a kwalabe masu murfi gam, ki ajiye nesa da wuta da rana. In za ki yi girki ki ɗibi ƙwayar, ki ɗan gasa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan ki daka. Dal kala biyu sun ishe ki farawa, jan nan mai saurin nuna da rawayan da ke son jiƙo. Abin da za ki iya saya da yawa shi ne shinkafarsu doguwa, basmati, da garin alkamar da suke yin gurasarsu, wanda ba a cire masa dusa ba. Kar ki kuskura ki yi musu gurasa da farar fulawar fanke, na gwada, abin da ya fito ko takalmi aka yi da shi zai yi shekara. Albasa kuwa ki saya kamar mai shirin biki, don ba su san ƙaramar albasa ba. Kindirmo marar sukari kar ya yanke a firigo. Ganyen nan mai ƙamshi da mutanen kudu ke jefawa a mai, in uwar mijinki tana amfani da shi, ki sayi ɗanye ki daskarar, busasshen ba shi da maraba da ciyawa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan, ki gyara zama.

Akwai wani abu da suke kira hing. Gari ne a ɗan ƙaramin gwangwani da bai fi babban yatsa ba. Wata rana Kamala ta ba ni ɗaya kyauta, ta ce in riƙa sa ɗan kaɗan a dal. Na shigo gida na buɗe. Wallahi Zuwaira sai da na ja da baya kamar yadda ta ja ranar naman layya. Wari kamar an haɗa ruɓaɓɓiyar albasa da ƙwan da ya lalace. Na ce lallai ya daɗe a wurinta ya ɓaci ba ta sani ba, na ƙulle a leda na jefa a shara. Bayan sati ta tambaye ni yaya hing, na ce ai ya yi daɗi ƙwarai, har ya ƙare. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, gwangwanin nan shekara yake yi mini." Ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi fushi ba, kuma abin da ya tsaya mini a rai, ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ta ɗauko nata, ta ɗora mai a wuta, ta jefa ɗan abin da bai kai kan tsinke ba. Warin nan ya juye ya zama ƙamshin da ya sa yawuna tsinkewa. Ta ce, "Haka yake. A gwangwani wari, a tukunya shi ne miyar."

Da ina da hankali da a ranar na gane. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. A lokacin ni ma daddawata tana ɓoye a baranda cikin leda uku, irin naɗin da kika yi, har ƙullin iri ɗaya. Dalili, wani maƙwabci da ban taɓa sanin ko wane ne ba ya taɓa liƙa takarda a ƙofarmu, wai warin girkinmu yana damun mutane a matakala. Mutanen ƙasar nan da ke cin cukun da ya yi kore, su sa shi a tebur gaban baƙi suna yabo! Amma maimakon in yaga takardar, sai na yaga kaina. Na koma miyar dunƙulen kanti, na ce ai an waye.

Kina da shekara biyu Inna, uwata, kakarki, ta zo Paris, zuwanta na farko kuma na ƙarshe. Tsohuwar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ta zo da ƙullin daddawar kalwa da ta dafa da hannunta, ta rufe ta kwana uku, ta daka, ta shanya a kan rufin ɗakinta. Ta ɗaure ta a ƙyalle, ta rungumo ta tun daga Damagaram. Tana shiga gida, kafin ta sha ruwa, ta miƙo mini tana murmushi ta ce, "Ga shi ƴar nan, na san kin yi kewa." Na karɓa, na yi godiya, da ta shiga wanka na sauka da shi can ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin bene na kulle. Da ta tambaya na ce, "Inna, a nan ƙasar an hana, sai a kira mana ƴan sanda." Ƙarya na yi wa uwata. Ta dube ni kawai ta ce, "To."

Wata guda ta yi. Kullum na yi miya, ta ci loma uku ta wanke hannu ta ce ta ƙoshi. Na kai ta likita, na ce ko sanyi ne ya hana ta cin abinci. Likita bai ga komai ba. Ranar da za ta koma, muna tsaye a filin jirgi, ta riƙe hannuna ta ce, "Rabi, na gode, kun yi mini hidima. Amma har zan tafi ban ji ƙamshin gidanki ba. Kamar a masauki na zauna." Na yi dariya na ce Inna ke dai da magana. Ba ta sake ganina ba, ban sake ganinta ba. Kafin shekara ta zagayo aka bugo waya.

Bayan na dawo daga zaman makoki, na sauka ɗakin ajiya neman wata tukunya, sai hannuna ya taɓa ƙullin. Na zauna a kan matakala da rana tsaka ina kuka kamar yarinya. A nan Kamala ta same ni ta dawo daga cefane. Ta zauna kusa da ni, ta karɓi ƙullin, ta kwance, ta kai hancinta. Ina jira ta yamutsa fuska. Sai ta lumshe ido ta ce, "Wannan hing ɗinku ne. Shekara nawa muna tare, kina da wannan, kika bar ni ina cin miyarki salam?" A ranar muka hau sama, na yi miyar kuka da daddawar Inna, ba nama saboda ita, na buɗe taga da ƙofa duka biyu, na ce duk mai takarda ya kawo. Ta ci tuwo malmala biyu. Har ta koma ƙasarsu bara, duk wanda zai zo daga gida sai na sa ya riƙo mata nata ƙullin, a dal take sawa.

Kin ga abin da ya sa da na ga ledar nan jiya raina ya ɓaci. Wautar da na yi ina da uzurin baƙunta da rashin harshe, ke da aka haifa a nan, kika yi karatu har kina aiki a laburatuwar, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ita za ki maimaita? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ki koyi girkinsu, ki iya shi har uwar mijinki ta rasa abin gyarawa, wannan mutunci ne kuma ina goyon bayanki. Amma Imran Bahaushiya ya gani ya ce yana so, ya zo har falon nan ya durƙusa gaban babanki, ya ci tuwona da miyar kuka ya nemi ƙari. Me kike tsammani na sa a miyar? In kika fara aure da ɓoye kwalba, gobe harshenki za ki ɓoye, jibi ƴaƴanki su tashi ba su san ta inda suka fito ba, ranar da na zo kuma ni za ki rasa inda za ki tura. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ga abin da za ki yi. Ki sayi hing, ƙaramin gwangwani ɗaya, ki sa shi cikin wata kwalbar ki rufe, don kar ya kama sauran kaya. Gwaggonki Hajiya Mariyama za ta shigo jirgin ƙasa ranar Asabar, ita za ta ba ki takardar nan tare da daddawarki. Na cire ledojin sharar, na wanke kwalbar, na mayar mata da ƙyallenta. Ki ajiye ta a kanta ɗaya da hing, kafaɗa da kafaɗa, a gaba inda ido ke fara sauka. Ranar da uwar mijinki ta buɗe ta tambaya, kar ki ce wani abu ne na Afirka. Ki ce sunanta daddawa, daga kalwa ake yi, uwata ce ta ba ni. Ki yi mata dal ranar farko, rana ta biyu ki tuƙa mata tuwo. In ta yamutsa fuska, ki ɗora mai a wuta ki nuna mata, mace ce mai hing a kicin, za ta gane.

Shuɗin ƙyallen nan da kika cusa a ledar shara, wanda na san kin ɗauka tsumma ne, shi ne wanda Inna ta ɗauro tata daddawar a ciki. Shekara ashirin da biyar yana ƙasan akwatina, ban ba Hadiza ba, ke na ba, don ke ce mai sunanta. Ban gaya miki ba a lokacin, wannan laifina ne, na ɗauka hannunki zai gane.

Allah ya tsare ki a Lyon, ya tsare mijinki a wurin aikinsa na Saint-Fons, ya kawo surukarki lafiya, ya haɗa kanku. Allah ya sa albarka a tukunyarki, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya raba ki da kunyar abin da ba abin kunya ba. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini abin da na yi mata. Na yafe miki duniya da lahira, fushin dai bai gama sauka ba.

Bayan Sallah ina nan tafe. Kar ki wahalar da kanki da gyaran ɗaki, kar ki zo tarbata a tasha, Imran ya isa. Ke ki tsaya a kicin. Ina so tun daga matakala, kafin in ƙwanƙwasa, hancina ya gaya mini wace ƙofa ce ta ƴata.

Wassalam. Mahaifiyarki,
Hajiya Rabi, Paris.